Matar Wanda Ake Ƙara Na Sa Ta Yi Min Tafinta

Daga Admin: wata 'yar'uwa ce ta turo wannan, ta roƙi a ɓoye sunanta. A ba ta shawara cikin mutunci.

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin Allah ya saka da alheri, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, na daɗe ina karanta matsalolin mutane a nan ina taɓe baki, ina cewa ita ma wannan da sakarcinta, to yau ga shi layi ya zo kaina, kuma nawa sakarcin ya fi na kowa. Sunayen da zan ambata duk na canza su.

Ni 'yar sanda ce, sajan, kuma ni ce mai gabatar da ƙara a wata ƙaramar kotu a yankin Bagudo, wato in an kawo wanda ake zargi ni nake tashi gaban alƙali a madadin hukuma, in faɗi abin da ake tuhumarsa da shi, in kira shaidu in yi musu tambayoyi. Da mu biyu ne, ni da wani insifeto, ya yi ritaya aka ce za a turo wani, har yau ana kan turowa. Maigidana yana aiki a Birnin Kebbi, sai ƙarshen mako muke ganinsa, wani makon ma ba ya samun zuwa, ni da yarona na goye muke zaune a ɗakin haya. Ba ni da dangi a garin nan ko ɗaya.

Sai na gaya muku yadda wurin aikin yake kafin ku fara zagina, ba don in wanke kaina ba, don dai ku gane yadda aka yi aka kai nan. Kotun ɗaki ɗaya ce, sai ofishin alƙali da wani ɗan lungu na rajistara. Ni ba ni da ofis, ba ni da teburi, ko kabad ɗin ajiye fayil babu, a jaka nake yawo da su kamar mai tallan atamfa. Sau da yawa da safiyar ranar da za a shiga kes ake miƙo min fayil ɗinsa, a tsaye nake karantawa. Babu tafinta, a wurin da yawancin masu zuwa daga bakin kogi da wajen iyakar Benin suke, wani Dandanci yake ji, wani Fulatanci, Hausar sai kame-kame. Abin da ya fi ci min rai kuma, wanda ban taɓa iya faɗa wa manyana ba saboda duk maza ne, shi ne ban-ɗaki. Guda ɗaya ne, ƙofarsa ta cire tun kafin a kawo ni, maza dai su zagaya bayan katanga su gama. Ni da yunifom ɗina ina zan zagaya?

Akwai wani gida da ya haɗa katanga da kotun, na wata dattijuwa da kowa yake kira Inna. Ina da tsohon ciki na fara shiga gidan, na yi sallama, kunya kamar ta kashe ni, na ce don Allah a taimaka min da buta. Matar nan ba ta tambaye ni ko ni wace ce ba, ta nuna min wuri, na fito na tarar ta shimfiɗa min tabarma ta dama min fura. Tun daga ranar na zama 'yar gida. A can nake salla, a can nake cin abincin rana, da na haihu na dawo aiki ita ta karɓi yaron da kanta, ta ce ba za a kai mata angonta cikin hayaniyar masu laifi ba. Ita take goya shi ina kotu, in an ɗan tashi in ruga in ba shi nono in dawo. Na sha kai mata ɗan abin hasafi tana mayar min, har faɗa ta yi min a kai. Wallahi uwar da ta haife ni iyakar abin da za ta yi min ke nan.

A hankali zauren gidan ya zama ofis ɗina. Mai ƙara ko shaida ba ya iya buɗe baki a barandar kotu, ga dangin wanda ake ƙara a tsaye suna zare masa ido, sai in ja shi zauren Inna mu zauna a tabarma in ji ta bakinsa. Kowa ya sani, har masinjan kotu in an tambaye shi ina Madam sai ya ce tana ofis, ya nuna zauren. Kuma akwai matar ɗan Inna a gidan, Saratu, 'yar wajen iyaka ce, Dandanci a bakinta kamar ruwa. Duk wanda ya zo ba ya jin Hausa sosai sai in ɗaga murya in kira ta, ta bar girkinta ta zo ta fassara min. Na san ba daidai ba ne, a makarantar horo ba haka aka koya mana ba, amma aiki yana tafiya, ni kuma har ina yabon kaina wai na iya dabara.

Mijin Saratu shi ne ɗan farin Inna, Babangida ake ce masa. Jirgin ruwa mai inji yake ja, yana ɗaukar kaya a kogi zuwa wajen iyaka, ba ya zama gida, ganina da shi bai taka kara ya karya ba, daga nesa yake gaishe ni ya wuce. Kun san iyayenmu da ɗan fari, Inna ba ta kama sunansa, ba ta ma yin zancensa, in ya kama dole sai ta ce wancan yaron. Ni ban taɓa sanin sunansa na yanka ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Wata safiya aka miƙo min fayil, kes na rauni mai tsanani, wanda ake ƙara Aliyu Muhammadu, sunan da in ka kira shi a kasuwa sai mutum goma sun waiwayo. An kama shi a can bakin ruwa, an ba da belinsa a can, yau ne za a fara gurfanar da shi. Wanda aka ji wa raunin wani masunci ne daga wani ƙauye ta wajen Kaoje, sunansa Garba, yana zaune a baranda an naɗe masa rabin fuska, ko magana ba ya iya yi sosai. Matarsa Ramatu ce ta rako shi, ita ce bakinsa. Na ja ta zauren Inna kamar kullum, na ga Hausarta tana yankewa, sai na ƙwala wa Saratu kira. Ta ɗan jima ba ta fito ba, har na sake kira ina tsokanarta wai yau tafintata ta fara jan aji. Da ta leƙo ta ga Ramatu sai ta ce min tana da aiki a wuta, na ce haba, minti nawa ne, na jawo hannunta na zaunar da ita.

Ramatu ta ba da labari tiryan-tiryan. Wani mai jirgin inji ne ya bi ta kan tarun mijinta ya yayyaga shi, ba sau ɗaya ba, ranar Garba ya tare shi a bakin gaɓa ya yi masa magana, cacar baki ta kaure, mai jirgin ya ɗauki ƙarfen da ake tayar da inji ya kwaɗa masa a fuska, idon hagu ya tafi. Na tambaya wa ya gani da idonsa. Ta ce mutum ɗaya ne, wani masunci Idi, yana cikin kwalekwalensa yana gyaran komarsa ta kamun kifi, komai a gabansa aka yi, amma yana tsoron masu jiragen inji, ya ce kada a ambaci sunansa sai ranar da zai tsaya gaban alƙali. Ta faɗi ƙauyensa, ta faɗi gidan da yake. Duk wannan ta bakin Saratu ya biyo, kalma bayan kalma, ba ta rage komai ba, kanta a sunkuye tana tsinkar bakin tabarma. Na lura muryarta tana rawa, na ɗauka tausayi ne, har na ce a raina yarinyar nan akwai imani.

Muka shiga kotu, rajistara ya kira Aliyu Muhammadu, sai ga Babangida ya taso ya shiga akwatin waɗanda ake tuhuma. Jama'a ban san yadda na karanta takardar nan ba, bakina ne kawai yake motsi. Lauyansa ya nemi a bar shi a kan belinsa, alƙali ya dube ni ko ina da ja, na ce babu. Ga mutum an cire masa ido, ga shaida ɗaya tak mai jin tsoro, ko sharaɗin kada ya kusanci shaidu ban nema ba. A lokacin ya kamata in tashi in ce ya mai shari'a akwai matsala, gidan wanda ake ƙara nake ajiye ɗana, kuma yanzun nan matarsa ta gama jin duk shaidata. Ban faɗa ba, kunya ta hana ni, ta alƙali da ta lauyan da ya zo daga birni da motarsa, da ta mutanen da suka cika kotun.

Da aka tashi nono ya cika min ƙirji, ba yadda zan yi, na shiga gidan na shayar da yaro. Ina fitowa Inna ta rako ni zaure da shi a bayanta, daidai lokacin Babangida ya shigo, Saratu ta karɓi hularsa. Ramatu tana tsaye a bakin hanya da mijinta suna jiran mashin, duk ta gani. Ta tako har inda nake, ta dubi Saratu, ta dube ni, a hankali ta ce, “Madam, ashe gidansu na kinka kai ni.” Ta kama hannun mijinta suka tafi. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Daga baya na tsare Saratu a madafa na hau ta da faɗa, don me ba ta gaya min ba, don me ta zauna ta ji. Ta bar ni na gama, sannan ta ce ita ta ce min tana da aiki, ni na jawo hannunta, kuma a gaban baƙuwa ta yaya za ta buɗe baki ta ce mijinta ne ya yi. Na ce to ta rantse ba za ta faɗa masa sunan shaidan ba. Ta ce ba za ta rantse ba, uban 'ya'yanta ne, in ni ce aka zaunar da ni aka faɗa min wanda zai kai mijina gidan yari, zan iya kwana ɗaki ɗaya da shi in yi shiru? Gaskiyarta ce, ni ce ma'aikaciya ba ita ba. Na je wajen Inna kuma, na durƙusa zan fara magana, ta katse ni. “Ɗiyata, wanga zance ba namu na ba, ni da ke. Ban ce maki komi ba, ba ni ko cewa. Miƙo man angona.” Tun daga ranar har yau ba ta taɓa roƙona komai a kan ɗanta ba, ko da ido, abincina yana nan a rufe kullum, sai dai na ga ta rame.

Ba a jima ba na ji wasu daga cikin masu jiragen inji sun je ƙauyen Idi, wai gaisuwa suka kai masa. Ban san me suka ce masa ba, abin da na sani kawai ya kwance kwalekwalensa ya haye wajen surukansa a ɓangaren Benin, inda sammacinmu ba ya isa. Ranar zama na gaba na tashi na ce shaida bai samu zuwa ba, ina roƙon a ɗaga. Aka ɗaga. Zama na bayansa ma haka na ce, ban faɗi dalili ba, alhali na san dalilin, ni ce dalilin. Lauyan Babangida ya tashi ya wanke ni tas da Turanci, wai masu gabatar da ƙara ba su shirya ba, ana ɓata wa wanda yake karewa lokaci, a kori ƙarar. Alƙali ya ce ya ba ni dama ta ƙarshe, in zama mai zuwa babu shaida zai kore ta. Wallahi da ya faɗi haka sai da na ji wani ɗan sanyi a raina, wai shi ke nan abin zai mutu da kansa ba hannuna. Wannan sanyin da na ji shi ne abin da ya fi ba ni kunya a duk labarin nan.

Kada ku ce ban gwada barin gidan ba. Na gwada. Na zo da yaro kotu na ba wata mai sayar da ƙosai a bakin titi ta riƙe min, ya tsala kukan da har alƙali ya dakatar da zama ya tambaya ɗan wane ne, na tashi a gaban jama'a na ce nawa ne. Na daina shan ruwa da safe don kada fitsari ya kama ni, ga shayarwa, ga zafin garin nan, nono ya ja baya, ni kuma na kwanta ciwon mara. Na nemi mai raino, wadda na samu ba ta yi mako ba ta gudu. Inna ta aiko a tambaya ko laifi ta yi aka raba ta da angonta. Na koma, da ƙafata, na miƙa mata shi ina kallon ƙasa. Na yi wa ogana maganar a turo wani ya karɓi kes ɗin, ban faɗa masa gaskiyar dalili ba, na ce aiki ne ya yi min yawa, ya yi dariya ya ce in nuna masa inda zai samo mutum, shi ma nema yake. Maigidana kuma da na gaya masa cewa ya yi in rufa wa kaina asiri, kes nawa ake kora kullum, in na tona ni za a ba kwairi, takardar tuhuma daga sama, wataƙila ma a ce cin hanci na karɓa, wa zai yarda saboda ban-ɗaki na shiga gidan.

Ramatu ba ta fasa zuwa ba ko sau ɗaya. Ta hau kwalekwale ta hau mashin, da mijinta da yanzu ba ya iya jefa taru saboda ba ya gane nisa da ido ɗaya, ita take ƙyafe kifin wasu suna ci. Dattawa sun nemi a yi sulhu, Garba ya ce shi ba ya ƙin sulhu, amma sai an fara faɗa a gaban alƙali cewa an zalunce shi, don a can bakin ruwa ana yaɗawa wai shi ya faɗa kan ƙarfen da kansa. Su Ramatu suna zama a gindin bishiyar da ke gaban kotu, in na zo wucewa sai in yi kamar ina duba waya. Ni da nake tsare ɓarayin shanu da ido har su sunkuyar da kai, yau ni ce ba na iya haɗa ido da mai ƙyafe kifi.

Shekaranjiya Ramatu ta biyo ni bayan kotu inda babu kowa, ba tafinta, da guntuwar Hausarta. Ta ce Idi yana hayowa ɓangarenmu ranar kasuwar bakin iyaka yana sayar da busasshen kifi. Ta same shi ta roƙe shi, ya ce ba zai yarda da saƙo ba, ba zai yarda da takarda ba, amma in ita Madam ɗin ta zo da kanta ta dube shi ta ce za ta tsaya masa, ta kawo shi kotu ta mayar da shi lafiya, zai zo ya faɗi abin da ya gani. Na ce mata na ji. Har ta juya sai ta dawo, ta rage murya ta ce, “Amma Madam, don Allah kak ki hwaɗi wanga zance a gidanku.” Gidanku ta ce. Na buɗe baki in ce ba gidanmu ba ne, sai na ji ba zan iya ba, don ban san wanne ne ƙarya a ciki ba. Matar da na kai ta na zaunar gaban matar wanda ya nakasa mijinta, ita ce ta sake dawowa ta ba ni amana, saboda ba ta da wani mai gabatar da ƙarar sai ni.

To ga inda nake. In na je na faɗa wa alƙali da ogana gaskiya duka, za a cire hannuna daga kes ɗin, wanda shi ne daidai, amma babu mai karɓa, fayil zai tafi birni jiran wanda za a turo, na ga yadda irinsu suke kwana, Idi kuma ba zai yi ta jira ba. In na yi shiru na zauna, zama mai zuwa a kori ƙara, Babangida ya koma kan ruwa, Garba ya koma da ido ɗaya da sunan maƙaryaci, ni kuma in ci gaba da cin tuwon Inna, ban san yadda zai wuce min maƙogwaro ba. In kuma na je na ɗauko Idi, to ni da bakina zan tsaya in nemi a ɗaure ɗan matar da take goya min ɗa, tana jiyo muryata ta kan katanga. Malamai na cikin gidan nan ku gaya min hakkin wa ya fi nauyi a kaina, lauyoyi da 'yan'uwana ma'aikata ku gaya min ko akwai hanyar da zan faɗi gaskiya ba tare da kes ɗin bayin Allah nan ya mutu ba. Masu cewa ki ajiye aikin ki koma gidan mijinki don Allah ku huta, ajiyewata ba za ta kawo shaida kotu ba. Masu zagi ku zaga, na ci zagin, amma ku haɗa min da shawara.

Kasuwar jibi take ci, kuma zuciyata ta fi karkata ga in je. Sai dai tafiyar yini ce a kan mashin, hanyar ba ta ɗaukar jariri, kuma duk garin nan mutum ɗaya nake da shi da zan bar wa yaron nan hankalina ya kwanta. Kullum in zan fita wani wuri sai ta tambaye ni ina zuwa, don ta yi min addu'ar a dawo lafiya. Don Allah ku gaya min, jibi in na miƙa mata shi ta tambaye ni, me zan ce mata?